Ruwan Hannun Muntari

Gidan Dogo, ta Bunkure
Disamba, 1987

Zuwa ga Barira, jikar wana marigayi,

Ina gaishe ki, ina gaida karatunki na shanu da awaki a can Kaduna. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da kika sani, da tarin matata Laraba wanda ba ya tashi sai an ambaci daka. Malam Tambaya mai rubuta wasiƙa a kasuwa ne ke riƙe da alƙalami, na kuwa ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya shafa mata mai.

Bayan gaisuwa, amarya, in sakina kika yi ki aiko mini da takarda in sani. Sallah biyu ban ga ƙeyarki ba. Ubanki ma haka ya yi, ya shiga birni ya manta hanyar gida. Ba ƙorafi nake ba, faɗa kawai nake.

Abin da ya sa na biya aka rubuto miki shi ne Barsu, karyata ja mai farin wuya. Kin san ita kaɗai ta rage daga jinin karnukan ubana. Tun da mutanen ruwa na gwamnati suka zo da motocinsu suka share daji, suka shimfiɗa mana gonaki kamar tabarmi, suka gutsure mini gefe guda wai hanyar ruwa, farauta ta mutu, karnukan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Barsu ma ta fara manyanta. Shi ya sa da ta nemi namiji bayan girbin dawa na ɗaura mata igiya na kai ta har Kura, wajen karen Baballe mafarauci. Na bar ta can, da na koma Baballe ya ce an yi. Ɗan fari nasa ne, yadda aka saba, sauran nawa.

Yanzu ciki ya fito, nono ya cika, ta daina bin gafiya. Abu ɗaya ke damuna: ta ƙi akurkin da na gyara mata, ta je ta share wuri a cikin kwalbatin da ruwa ke bi ya shigo layin gonakinmu. In ba ranar ban-ruwa ba a bushe yake, ga ɗumi. Na gaya wa Muntari, wanda aka ba shi riƙon ƙofar ruwan layinmu, kada ya kuskura ya buɗe sai ya sanar da ni. Ya ce to. Amma kin san 'ya'yan yanzu da to.

Ki aiko mini da maganin ƙarfi na masu ciki, irin na karnuka, ta hannun Iliyasu direban motar tumatir. Alkamar da mutanen ruwa suka matsa mana mu shuka bana ta fito kore shar, na zuba mata duk takin da nake da shi. Ita ce abincinmu har damina.

Laraba na gaishe ki.

Kakanki, Dogo


Kaduna
Janairu, 1988

Zuwa ga angona tsoho,

Na sami wasiƙarka, amma sai da ta sha yawo. Iliyasu ya wuce da ita har Legas cikin aljihu, ta dawo tana warin tumatir. Ina lafiya. Allah ya sawwaƙe wa gwiwa, ya kuma raba Iya Laraba da tari da masu yi mata sharri.

Saki kuwa babu shi. Wa zai saki mai eka guda ta alkama? Jarrabawa ce ta tsare ni, in an gama ina nan tafe.

Maganar Barsu ta faranta mini rai. Ga ƙwayoyin ƙarin jini nan a ƙunshe, rabi kullum cikin abinci. Amma Kaka, don Allah kada ka bari wani mai kyamis ya yi mata allurar naƙuda irin wadda ake yi wa shanu. Jikin karya shi ke tsara lokacinsa da kansa, in aka tilasta shi kafin hanya ta buɗe, mahaifa na iya fashewa.

Ka fitar da ita daga kwalbatin nan ko da ɗauri ne. Ba na son wurin.

Sai wata tambaya, kada ka ce na cika bin diddigi. Kai da idonka ka ga sun haɗe da karen Baballe, ko faɗa maka aka yi? Kuma in ka ɗora tafinka a cikinta tana kwance, kana jin motsi? Ka amsa mini waɗannan biyun.

Ka gaida Iya, ka gaida Muntari da iyalinsa.

Jikarka, Barira


Gidan Dogo
Janairu, 1988

Barira,

Gaisuwa. Muna raye. Takardarki ta iso da ƙwayoyinta, amma ta tarar an gama.

Kin ce in gaida Muntari. Ba zan gaishe shi ba.

Ranar ban-ruwan da ta wuce na tafi jana'iza wani ƙauye da safe. Kafin in dawo ya buɗe ƙofa. Ina shigowa gida na tarar da Barsu a zaure, jiƙe sharkaf, tana rawar ɗari, ciki ya faɗa, nono na ɗiga. Na ɗauki sandata na bi magudanar nan tun daga kwalbati har inda take zubewa cikin fadama, ina tona ciyawa. Ko ɗaya ban samu ba. Ruwa ya tafi da su.

Na same shi a bakin ƙofar ruwan, manoma sun kai goma a wurin. Na ce, Muntari, me na ce maka? Ya ce, Baba Dogo, na aika gidanka ba ka nan, mutane kuma na jira, tumatirinsu na ƙonewa. Na leƙa kwalbatin da kaina, na kira ta, ta ƙi fita, ruwa ne ya koro ta. Wallahi ita kaɗai ce a ciki, sai wani tsohon takalmin roba. Na ce, wato ni da na haura saba'in ina kiwon kare ban san mai ciki ba? Ya ce, ni dai abin da na gani na faɗa. Wani daga baya ya ce, to ko ta cinye su ne? Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta ƙarasa ni.

Na je gida na sauko da kwarin ubana na zuba kibau daga rataye, na dawo na dafa shi a gabansu, na rantse ruwan da ya biyo ta hannun wanda ya kashe mini 'yan kwikwiyo ba zai ƙara shiga gonata ba. Na sa fartanya na toshe bakin fangalina da laka.

Da kin ga Barsu da kin yi kuka. Takalmin nan ta koma ta ɗauko, ta kai shi akurki, tana lasarsa, tana tura shi jikin nononta. In Laraba ta matso sai ta yi mata gurnani. Uwa ce da aka raba ta da 'ya'yanta, hankalinta ya taɓu.

Tambayoyinki kuwa, ban tsaya kallon karnuka suna sha'aninsu ba, ni ba yaro ba ne. Motsi kuma ban lalube ta ba, ina da ido.

Baballe ya aiko yana tambayar ɗan farinsa. Na ce ya je ya karɓa wajen Muntari.

Alkama ta tsallake ruwa ɗaya. Tana nan, ba ta ce komai ba tukuna.

Dogo


Kaduna
Fabrairu, 1988

Kaka,

Ina gaishe ka, ina yi maka jaje. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune, sannan na kai wa malaminmu likitan dabbobi, don ban yarda da kaina ni kaɗai ba. Ka sa Malam Tambaya ya karanta maka wannan a hankali, kada ka katse shi.

A jikin kowace macen dabba akwai wasu sinadarai da ke bin jini suna kai saƙo, mu a makaranta homon muke ce musu. Ɗaya aikinsa riƙe ciki. A jikin akuya ko saniya, in barbara ba ta kama ba, wannan mai riƙon sai ya janye da wuri, ta sake neman namiji. Karya ba haka take ba. Da ta gama neman namiji, ko ta kama ko ba ta kama ba, mai riƙon nan zai zauna a jininta wajen wata biyu, daidai tsawon ciki. Jikinta ba ya tambaya ko akwai kowa a ɗakin, shi dai tsaro yake. In lokaci ya cika sai ya sauka, saukarsa kuma ita ke tayar da wani, mai kawo nono da son raino. A mai ciki na gaske, wannan sauka ita ke buɗe ƙofar naƙuda. A wadda ba ta kama ba, duk sauran abubuwan sai su zo: nono, tonon wuri, gurnani, ƙin abinci. Sai ta nemi abin da za ta raina, tsumma ko ɗan tsako ko takalmi.

Ka tuna Muntari ya ce ya ga takalmin a kwalbatin tun kafin ruwa ya shiga. Wato tun a can take rainonsa.

Malaminmu ya ce ba zai yanke hukunci a kan karyar da bai gani ba, amma abin da ka kwatanta ya fi kama da wannan. Wataƙila an kai ta Kura a makare ne. Ga tsufa, ga nonon shanu da kanzon da na san kana ɗura mata, dole ciki ya yi fam. Babu laifin kowa, kuma ba ciwo ba ne. Ka ɗauke takalmin lokacin da ta fita, kada a tatse ta, ka rage mata abinci, ka riƙa yawo da ita. Nonon zai ƙafe da kansa, in ta sake nema kuma a kai ta da wuri.

Kaka, in babu ɗan da aka haifa, babu wanda ruwa ya ci. Ka buɗe fangalinka. Wannan watan ne alkama ke fid da kai, in ta sha ƙishi yanzu ba ta yafewa. In rantsuwar ce ta tsare ka, ka je wajen Liman ka yi kaffara.

Barira


Gidan Dogo
Fabrairu, 1988

Barira,

Lafiya muke. Na ji karatunki, ban katse shi ba sai sau uku.

Ashe abin da ake koya muku ke nan. Mutum na zaune a Kaduna a kan kujera, bai taɓa jin Barsu ta yi haushi ba, ya san abin da ke cikinta fiye da ni da na yanke mata cibiya. Na ga ciki, Laraba ta ga ciki, duk unguwa ta ga ciki, ke kin ce iska ce. Babu laifin kowa, in ji ki. Haka mutanen ruwa suka ce ranar da suka gutsure mini gona. Ban san Muntari ya riga ni aiko miki da takarda ba. In kuwa bai aiko ba, to kin iya tsaya wa bare.

Kina so in koma bakin ƙofar ruwan nan, gaban waɗanda suka yi dariya, in ce musu karyata takalmi ta haifa? Su riƙa nuna ni a kasuwa har in mutu?

Liman ya riga ki maganar kaffara. Na ce masa ba da abinsa na rantse ba. Na bar al'adar kakanni na shiga sallah da zuciya ɗaya, amma kwarin ubana ya girmi sallata, kuma ba a yi masa kaffara. Wanda ya dafa shi ya saɓa, mun ga yadda yake ƙarewa.

Kin ambaci alkama. Gefen tudu ya yi ja, ganyen ya nannaɗe, ƙasa ta tsage har kana sa yatsa. Gefen gangare na nan da sauran rai. Ina ɗebo ruwa da tulu daga rijiyar gida ina zuba wa abin da na iya, gwiwa ta hana ni kai wa ko'ina. Na maƙwabta kuwa ta kai ƙugu. Muntari ya zo har sau biyu ya tsaya a bakin laka, ya ce Baba in fasa? Na juya masa baya. Laraba ta daina yi mini magana sai ta bakin tukunya.

Takalmin ban ɗauke ba. Abin da ya rage mata ke nan.

Kada ki ƙara aiko mini da maganar likita.

Dogo


Kaduna
Fabrairu, 1988

Malam Tambaya, don Allah wannan ta Iya Laraba ce. In ta zo kasuwa sayar da daddawa ka karanta mata. In Kaka na kusa, ba sai ka rage murya ba.

Iya, ina gaishe ki, yaya tari? An hana ni maganar likita, na bari. Amma ke kin karɓi haihuwar rabin matan unguwar nan, har da ta uwata, kin kuma ga haihuwar awaki da karnuka ba adadi. Ki gaya mini: akwai macen da za ta sauke 'ya'ya, a wayi gari jikinta tsaf, babu jini babu biƙi? Karya in ta haihu takan ɗauki makonni tana zubar da ruwa mai duhu, ya ɓata mata gashin wutsiya da shimfiɗa. Ranar da Barsu ta dawo a jiƙe, a ce ruwa ya wanke ta. Washegari fa? Kwanakin da suka biyo fa? Ke ke share akurkin.

Ni ban ce Kaka bai iya kallo ba. Abin da ya gani kowa zai gani. Amma ki duba ta ke da hannunki, ki faɗa masa abin da kika samu da irin bakin da yake ji. Ni nawa bakin ya yi masa boko da yawa.

Iya, abincinku ne a gonar nan.

Barira


Gidan Dogo
Maris, 1988

Zuwa ga Barira,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi tun da na daina ɗaukar tulu. Ina fata jarrabawarki ta zo da sauƙi, ko da yake in irin amsar da kika ba ni kike ba su, ban sani ba.

Na ji kin zagaye ni kin bi ta bayan gida. Ina zaune a benci ɗaya aka karanta, Malam Tambaya kuwa ya buɗe murya kamar mai shela.

To bari ki ji yadda aka yi, don ki ƙaru. Muna komawa gida Laraba ta ajiye ƙwaryarta, ta kira Barsu da ɗan ƙashi, ta kwantar da ita a tsakar gida. Ta ɗaga wutsiya, ta duba, ta lalube ciki tun daga haƙarƙari har mara, ta juya ta ta sake. Ta shiga akurki ta fito da buhun shimfiɗar ta baza a rana. Sannan ta wanke hannu, ta ce, Dogo, wannan ba ta haihu ba. Na ce, ke ma kin koma Kaduna? Ta ce, ni ban ce babu ciki ba. Ciki akwai shi. Kwanciya ya yi.

Na gyara zama. Ta ce, ka manta Saude matar maƙeri, da nata ya kwanta shekara biyu, kowa na cewa ƙarya take, ya tashi ta haifi namiji? Tsoro ke kwantar da shi. Wannan baiwar Allah kullum tana cikin rami ruwa na ruri a kanta, ina cikin da zai zauna?

Kin ji magana ta masu sani. Ke da likitanki kun yi kusa, amma kun kauce. Kun ce ba a haifa ba, wannan gaskiya ne. Kun ce babu su, nan kuka ɓata. Suna nan a ciki, barci suke.

Na kwana ina juya abin. Na rantse a kan wanda ya kashe mini 'yan kwikwiyo. Wanda ke barci kuwa ba a kashe shi ba. Kwarin ubana ba shi da abin kamawa.

Da safe ranar ban-ruwa na ɗauki fartanya na tafi, Barsu na bina. Mutanen nan duk suna wurin. Na tsaya na faɗa musu abin da ungozoma ta gano, da ƙarfi, don na baya su ji. Babu wanda ya yi dariya, don babu wanda uwarsa ba ta san kwantaccen ciki ba. Muntari ya sunkuyar da kai yana ta murza hularsa, kafaɗarsa na ɗan motsi, ina jin kunya ce ta kama shi. Na ce masa, ka tsorata mini karya, wannan yana nan a kanka, amma kisa na ɗauke maka. Ya ce, na gode Baba. Na ce, in cikin ya tashi, ɗan fari na Baballe ne, na biyu naka. Ya ce, Allah ya tashe shi lafiya. Na ce, to me kake jira?

Ni na sare lakar da hannuna. Ƙasar ta yi ta shan ruwan nan tana ƙara kamar ana suya, sai da ya daɗe kafin ya fara tafiya. Muntari ya bar mini shi fiye da rabona, babu wanda ya hana shi.

Gefen tudu ya tafi, na sa an yanke wa awaki. Wajen kashi ɗaya cikin uku ke nan. Sauran ta farfaɗo, kan bai kai na maƙwabta ba, amma akwai ƙwaya. Laraba ta ce in an haɗa da 'yar dawar da ke rumbu za mu ga damina, in ban ƙara rantsuwa ba.

Nonon Barsu ya ƙafe, jiya har ta kama gafiya a bakin magudana. Ki tambayi likitan naku ko yana da maganin tayar da kwantaccen ciki. In ba shi da shi, ya faɗa ba kunya, mu nan muna da namu. Baballe ya ce in ta sake nema in kai ta da wuri, wai ganin namiji na taimaka wa irin wannan ya farka. Zan kai ta, zan kuma zauna a wurin.

Ki zo kafin a gama sussuka, a yi miki alkaki da alkamar mijinki.

Kakanki, Dogo